Kai Ka Ƙona Min Keken Saƙa, Ubale

Ubale, kai ka ƙona min keken saƙa. Ba masu wuta ba ne, ba ɓera ba ne, ba kuma tsufana ba ne kamar yadda ka bi Gagarawa Tasha kana faɗa. Kai ne da hannunka, ranar da na tafi barka Sule Tankarkar. Na faɗa maka a tsakar gida ka yi dariya. Na tare ka a bakin rumfar mai shayi na sake faɗa, mutane suka taya ka dariya, don kai ƙanin mijina ne, duk abin da ya fito daga bakina zuwa gare ka wai wasa ne. To yau na sa an rubuta. 'Yata Tayyiba ce riƙe da biro, na kuma gaya mata idan ta tausasa ko kalma ɗaya zan ba wani ya karanta min in gane. Takarda dai ba matar yayanka ba ce, sai in ga yadda za ka yi wasa da ita.

Ka san keken nan, amma bari in tuna maka, tunda an ce ni ce mai mantuwa. Yayanka, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo min shi daga Kwatano lokacin yana tuƙin babbar mota, Tayyiba tana goye a bayana. Na hannu ne tun a lokacin, an gama amfani da shi a wata ƙasa aka turo. Ba irin keken saƙar da kowa ke da shi ba ne. Wannan akwai kwamfuta a cikinsa, da ɗan gilashi mai nuna jajayen lambobi, da maɓallai a gefe. Ka danna lamba, shi da kansa zai turo alluran da za su fitar da ado, naka kawai jan kan keken hagu da dama. Ban yi boko ba, amma yatsuna sun san inda agwagwa take, sun san tauraro, sun san ɗan jirgin nan da mata ke so a rigar namiji. Jariran garin nan da suka yi sanyin farko cikin hula da safa na hannuna, wasunsu yanzu su ke kawo min ulun 'ya'yansu. Da keken nan na aurar da yara bayan rasuwar yayanka. Kai a lokacin gudummawarka ita ce zuwa cin tuwo.

Tare da keken aka zo da wani baƙin akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya, taransifoma. Ranar farko yayanka ya zaunar da ni ya ce wutar ƙasar da aka ƙera keken ba ta kai tamu ƙarfi ba. Wutar bango ta shiga akwati, akwati ya rage mata zafi, sannan ya ba keke. Ya ce ko mutuwa zan yi kada in jona keken a bango kai tsaye. Shi ya mutu, ni ban jona ba.

Kuma kowa a gidan nan ya san a kunne nake barin keken. Wutar garinmu ba ta sallama, zuwa take ta tafi yadda ta ga dama. Idan ta zo keken yana yin wani ɗan kuka, ƙit, sai in ajiye abin da nake yi in hau aiki. Matarka Rahamatu ma da kukan nan take sanin an kawo wuta, ta ruga ta sa waya a caji. Kai kanka ka sha leƙo kai ka ce, matata, kekenki ya yi kiran salla ne?

Ranar da na dawo daga Sule Tankarkar, tun daga zaure na ji ƙaurin. Ba ƙaurin abinci ba, irin na roba da ƙarfe, mai kama maƙogwaro. Na shiga ɗaki na tarar da wayar keken a soke a soket ɗin bango. Baƙin akwati yana ƙarƙashin tebur a mazauninsa, ba abin da ke jone da shi. Rahamatu ta ce bayan azahar aka kawo wuta, ta ji wani abu ya ce fus, ta ga hayaƙi ta taga, ta shigo da gudu ta kashe. Tana ba ni labari tana kallon ƙafarta. Sai ga ka ka shigo da tsinke a baki, ka dubi soket, ka dube ni, ka girgiza kai.

"Matata, tsufa ya zo. Yau keke ne, gobe gidan za ki toya mu a ciki."

Na ce kai ne, don ba wanda ke shiga ɗakina ba sallama in ba kai ba. Ka tafa hannu ka ce a ji min tsohuwa da sharri, ta yi ɓarna tana neman mijin da za ta liƙa wa. Yara suka yi dariya. Ban da hujja a ranar, sai zuciyata da ke gaya min.

Da a nan ka tsaya da tuni na bar ka da Allah. Amma washegari ka buga wa ɗana na fari waya a Dutse, wanda kunya ba ta bari in kama sunansa, ka ce masa kaina ya fara taɓuwa. Yaron nan ya taso ya zo a firgice. Ya zauna a bakin gadona yana yi min magana a hankali kamar ana lallashin mai zazzaɓi. Ya tambaye ni yau wace rana ce. Ya tambaye ni sunayen jikokina. Ni da na yi masa kaciya na yi jinyarsa, ni yake yi wa jarrabawa. Daga ƙarshe ya ce ya yanke shawara, da an gama kaka zai zo da mota ya kwashe ni da kayana in koma wurinsa. Akwai ɗaki mai tayil, akwai fanka, ba abin da zan riƙa yi sai hutu. Ɗakina na nan kuma a rufe. Ina kallonka lokacin da yake faɗa, kana tsaye a bakin ƙofa kana auna ɗakin da ido, buhun riɗi nawa zai ci.

Ni ba na son hutu. A ɗakin nan aka kawo ni, a nan na haihu, a nan aka fitar da yayanka. Ina da sana'ata, ina da maƙwabtana, ina sanin wanda ya shigo gari da wanda ya fita. A Dutse me zan zama in ba tsohuwar da ake kai wa abinci a tire ba?

Labari ya bi gari. Ummulkhair maƙwabciyarmu, mai tsohon ciki, ta aiko a karɓar mata ulun da ta kawo, wai za ta canza kala. Matan da ke zuwa hira suka koma yi min magana da ƙarfi kamar kurma. Abin da ya fi duka muni, wanda ko Tayyiba ban gaya wa ba sai yanzu da take rubutawa, shi ne ni kaina na fara shakka. In tsaya gaban soket ɗin nan ina tambayar kaina, anya Kyauta? Da za ki fita kina sauri, mai mota yana ta oda, anya ba ki yi ba? In sa gishiri a miya in koma in ɗanɗana ko na sa. In kulle ƙofa in dawo daga hanya in taɓa kwaɗon. Ka sa na daina yarda da kaina, Ubale. Keke ƙarfe ne, wannan kuwa a jikina ka yi shi.

Tayyiba ce ta kawo maganar Juwairiyya. Ta ce akwai wata mata a Gumel da ta yi karatun lantarki, tana gyara a zauren gidan mijinta. Injinan sola take gyarawa, da wayoyin mata, don mata sun fi sakin jiki su ba ta waya da hotunansu a ciki. Na ce mu je. Na naɗe keken a tsohon zane, Tayyiba ta ɗora baƙin akwati a ka tana mita. A tasha direba ya ce a sa keken a but tare da buhunan gero da wani bunsuru. Na ce ya sa uwarsa a can. A cinya na riƙe shi, ya ratsa ta kan mutum biyu da ke gefena, har Gumel ba wanda ya yi min magana.

Juwairiyya ba yarinya ba ce, ta haura talatin, siririya, da tabarau da ɗankwali ɗaure tamau don kada ya taɓa wuta. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ce ba ta taɓa buɗe irin wannan ba, sai dai ta gan shi a hoto, amma duk allon lantarki ɗan'uwan wani ne. Ta ware kusoshin ɗaya bayan ɗaya tana jera su a murfin kwano. Da ta ɗaga murfin keken na ga abin da ban taɓa gani ba duk shekarun nan da muke tare: wani koren allo, da siraran hanyoyi a jikinsa kamar gari aka hango daga sama, da baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu liƙe a kai. Ta ce sunansu aisi. Na ce ni kaska na gani, kuma kaska na ci gaba da kiran su har ita ma ta ɗauka.

Da hanci ta fara. Ta sunkuya ta shinshina allon daga wannan gefe zuwa wancan, yadda ake neman inda ɓera ya mutu. Ta zaro wani ɗan abu na gilashi mai kama da ƙwayar magani, ta ce fis ne, ya yi baƙi ƙirin. Ta nuna min wani mai ƙafa uku da ya tsage, ta ce aikinsa daidaita wuta, shi ya fara karɓar dukan, kuma irinsa tana da shi a durowa. Sannan ta ce min wannan keke wutar bango ya sha kai tsaye, ba tantama. Ta faɗa a hankali, don Tayyiba ta riga ta tsegunta mata abin da ake cewa a kaina. Na ce wannan na sani, 'yar nan. Wanda ya ba shi nake nema. Ta ce mitarta ba ta auna wannan.

Ta sa sababbin biyun nan, amma ba ta jona wuta ba. Ta ɗauko mita mai tsinke biyu, ja da baƙi, ta riƙa bin kaskokin ƙafa-ƙafa. Akwai wata babba a tsakiya, ta ce a cikinta duk adon yake, agwagwa da tauraro da sauransu, idan ita ce ta ƙone sai dai haƙuri, don ba a sayar da abin da ke cikinta. Ta zagaye ta da tsinke. Ta ce ba ta ga alamar ciwo ba. Can gefe, kusa da inda wayoyi suka taru, mitar ta yi tsuwa. Ta jawo gilashin ƙara girma ta ce in duba. Wata ƙaramar kaska ce mai ƙafa takwas kowane gefe, bayanta ya kumbura ya fashe kamar ƙurji, allon da ke ƙarƙashinta ya yi launin ƙanzo.

Matsalar ita ce sunanta. Kowace kaska da rubutu a bayanta, da shi ake neman irinta, wannan kuwa wutar daidai kan rubutun ta fasa. Juwairiyya ta goge da auduga, ta karkata shi a hasken rana, ba abin da ya rage sai harafi ɗaya. Ta duba a wayarta ko akwai zanen cikin keken, ba ta samu ba. Sai ta tambaye ni yadda keken ke zaɓen allura, na nuna mata da hannu, na ce idan ana jan kan ana jin ƙas-ƙas-ƙas a ƙarƙashi. Ta kifa keken ta gano wasu ƙananan maganaɗisu a jere, su ke tura alluran. Ta bi wayoyinsu da tsinke. Rabi sun tafi wurin kaskar da ta ƙone. Ragowar rabin suka bi ta wata hanya suka ɓulle can ɗaya ƙarshen allon, wurin wata kaska mai girma ɗaya da ƙafafu ɗaya, lafiyarta ƙalau, rubutunta fes.

"Iya, tagwaye ne," in ji ta. "Aiki ɗaya suka raba. Sunan wannan shi ne sunan waccan."

Na ce to a sayo. Ta yi 'yan waye-waye, ta aika shagunan Gumel, babu. Wani a Kano ya ce an daɗe da daina yin ta, sai dai ya sa a nemo daga waje, kuma ba ya alƙawarin lokaci. Ni kuwa lokaci ne ba ni da shi, don an fara ɗaure dawa a gonaki. Juwairiyya ta ce akwai hanya ɗaya: tsofaffin injinan buga takarda na ofis, masu ƙara kamar ana yaga atamfa, su ma da irin wannan kaskar suke tura alluransu. Idan akwai inda gawarsu take, to wurin 'yan gwangwan ne a kasuwar Maigatari. Muka kwana gidan ƙanwata a Gumel muka jira Alhamis.

Ka san Maigatari ranar kasuwa, ba sai na gaya maka ba, can kake kai riɗinka. Muka ratsa ta kara, ta gefen raƙuma, muka wuce masu kanwa, har can baya inda ake tara ƙarafa. Wani Malam Ilu, mutumin Dungas, shi ke da tulin da ya fi girma. Ya ce kwanan nan aka sauke masa kamiyo guda, babbar mota cike da tarkacen ofisoshin Damagaram, mu duba, amma shi a kilo yake sayarwa, bai san sunan komai ba. Tuli ne ya fi ni tsawo, alluna kore da ruwan ƙasa, wasu a karye, wasu da kashin kaji.

Juwairiyya ta kama hannuna ta rubuta sunan kaskar a tafina da biro, manya-manya. Ta ce ba sai na karanta ba, in duba kamanni kawai. Na ce aikina ke nan shekara da shekaru. Na dube shi yadda nake duban adon da mace ta kawo min a tsohuwar riga ta ce irin wannan take so: na farko sanda mai hula, na biyu kamar randa, sai mai ciki biyu, haka har ƙarshe. Na shimfiɗa gyalena na zauna a ƙasa. Tayyiba tana miƙo alluna, Malam Ilu yana fasa injinan da guduma, Juwairiyya tana roƙonsa ya yi a hankali.

Rana ta take. Sau da yawa ina samun mai kama, in miƙa, sai in janye da kaina don na ga alamar ƙarshe ta bambanta, tata mai wutsiya ce, tamu mai ciki biyu. Malam Ilu ya ce Hajiya, ko dai zinariya kike nema ba ki gaya min ba, in ƙara kuɗi? Na ce da zinariya ce da ba a tulinka zan neme ta ba. Can wajen la'asar ya jawo wani injin mai nauyi daga ƙasan tulin, ya ɓalle murfinsa, zanzaro ya yi gini a ciki. Na kankare ginin da farce. Ga su nan a jere su biyu. Na dubi tafina, gumi ya fara cinye rubutun, na dubi allon, na sake duban tafina. Ban miƙa ba sai da na bi alamun ɗaya-ɗaya har ƙarshe.

Juwairiyya ta sa gilashinta ta duba, ta ɗago ta ce su ne. Malam Ilu ya ce shi dai idan ba ni da miji yana ciki, yana bukatar mai irin idon nan a rumfarsa. Na ce ina da wani ragowar miji a gida, ƙanin marigayi, in yana saye a kilo in kawo masa. A motar komawa Gumel ina rungume da allon nan a ƙirji, na ce a raina kan da ya rikice ba ya yin abin da na yi yau. Tun ranar ban sake komawa taɓa kwaɗo ba.

Da safe ta yi aikin. Ta sa ɗan almakashi ta datse ƙafafun ƙonanniyar, ta ɗauke gangar jikin ta ajiye min a tafi. Sannan ta riƙa taɓa kowace ƙafa da ƙarfe mai zafi tana zare ta kamar ƙaya, ta zuƙe tsohuwar dalma har ramukan suka fito tas. Wata hanya ɗaya a allon ta cinye, ta ɗinke ta da waya siririya kamar gashi. Ciro ta jikin injin Malam Ilu ya fi wuya, don ita ana son ta da rai. Ta hana kowa motsi, ta kashe fanka, gumi yana ɗiga daga haɓarta Tayyiba tana share mata. Ba ta liƙa sabuwar a allon kai tsaye ba, sai da ta fara dasa mata wata 'yar kujera mai ramuka, ta ce ko gaba wani abu ya faru, cirewa kawai za a yi a sa wata. Ta nuna min ɗan tsagin da ke kan kaskar, ta ce dole ya kalli inda na 'yar'uwarta ke kallo, in aka juya shi an koma gidan jiya. Ta danna ta da babban yatsa ta zauna daram. Ta biyun kuma ta naɗe a leda ta manne a cikin murfin keken, ajiya.

Na ce a kunna. Ta ce a'a, sai ta gwada baƙin akwatin tukuna, ba za ta ba keken wutar da ba ta auna ba. Ta jawo shi, da ta karkata shi sai muka ji wani abu yana zuba a ciki, shaa, kamar caki. Ta ce ko wani abu ne ya karye. Ta kwance kusoshin ta ɗaga murfin a kan tebur.

Riɗi ne, Ubale. Riɗi ya zubo, fari tas, sabon bugu, da ƙaiƙayinsa, ya cika ramukan shan iskar akwatin ya taru a ƙasa. A jikin mariƙin kuma ga zaren shuɗin tamfol ya maƙale.

Tayyiba ce ta fara magana.

"Inna, wa ya yi riɗi bana a gidanmu?"

Ni ko kantu na daina ci saboda haƙori. Gona ɗaya ce ta riɗi a gidan nan, tamfol shuɗi ɗaya ne, kuma na san mai su. Nan take komai ya dawo min. Ranar da na tafi barka an yi iska da hantsi, irin ta ƙarshen damina, har ta ɗauke min gyale a tashar Sule Tankarkar. Kai kuma ka baza riɗinka a bayan gida. Ka bi gida kana tattara duk abin da ke da nauyi don danne bakin tamfol, turmi, dutsen niƙa, ka shiga ɗakina ka ga baƙin ƙarfe a ƙarƙashin tebur. Ka zare wayar keken daga jikinsa. Don kada in dawo in ga waya tana lilo in yi faɗa, ka soke ta a bango, a ganinka ai duk wuta wuta ce. Da hayaƙi ya tashi ka lallaɓo ka mayar da akwatin mazauninsa, ka je ka nemo tsinke ka sa a baki.

Kuskure ne, na sani, ba da gangan ka ƙona shi ba. Da ka zo ka ce Yaya Kyauta, na yi ɓarna, da na zage ka na kwana biyu mu wuce wurin. Amma ka zaɓi ka ce ni ce na haukace.

Juwairiyya ta tattara min riɗin a takarda, ta busa akwatin, ta auna shi ta ce lafiyarsa lau. Ta jona bango a akwati, akwati a keke. Ta ce ni zan kunna. Na yi bisimilla na danna.

Ƙit.

Jajayen lambobin suka kawo. Na ɗaura ragowar ulun da ke jakata, yatsuna suka je inda suka saba, na ja kan keken. Ƙas-ƙas-ƙas. Allurai suka fito, wasu gaba wasu baya, babu wadda ta yi gardama. Layi yana bin layi, sai ga ƙafafu, sai ga ciki, sai ga baki. Agwagwa ta fito cif, ba ido ɗaya da ya ɓace. Matan da suka kawo gyaran waya suka taru a kaina, ɗaya a take ta ce tana da suna wata mai zuwa. Juwairiyya kuwa ta ce ladan aikinta ba zai cika ba sai na koya mata jan keken nan, ta gaji da gyara abin da ba ta iya amfani da shi ba. Mun shirya duk Asabar za ta riƙa zuwa Gagarawa Tasha, ta yi fama da ulu kamar yadda ni zan yi da dalma.

Juwairiyya ce ta ɗauki hoton komai a waya, riɗin, zaren tamfol, da ni ina saƙa, Tayyiba ta tura Dutse. Yaron nan ya kira.

"Inna, ki yafe min. Na tambaye ki ranar mako kamar wata yarinya."

Na ce na yafe, tsoro ne ya sa shi, kuma ƙarya aka ba shi. Ya ce maganar Dutse ta mutu, ɗakina nawa ne, Juma'a zai zo amma ba da motar kaya ba. Sai ya ƙara da cewa Baffa Ubale babba ne, a rufa masa asiri, a bar maganar a cikin gida. A nan ne ra'ayinmu ya rabu. Ba a cikin gida ka faɗa ba. A rumfar mai shayi ka faɗa, a wurin ɗaurin aure ka faɗa, har mai kawo mana itace ya ji. Ummulkhair ta dawo da ulunta, kalar ba ta canza ba, amma har yau akwai masu yi min magana da ƙarfi. Na nuna wa Rahamatu riɗin, ta ja bakin gyale ta rufe baki ta ce, Yaya, ni dai ba a bakina ba. Ban matsa mata ba, ba ita ta yi ba. Kai kuwa tun da na dawo kake fita da asuba ta ƙofar baya. Jiya da keken ya yi kuka an kawo wuta, na ji ka ta katanga ka yi tari.

Sanyi ya kusa. Na saƙa maka hula, ruwan toka, irin mai rufe kunne da kake roƙona duk shekara. Tana rataye a ƙusa a ɗakina, kuma a nan za ta zauna.

Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci, ɗana zai tsaya a rumfar mai shayi, don na shawo kansa, ni ma zan zo in tsaya daga gefe da Tayyiba. Ƙonanniyar kaskar da riɗinka suna ƙulle a bakin zanena. Ka zo, a gaban mutanen da suka taya ka dariya, ka faɗa da bakinka wa ya cire akwatin, wa ya soka wayar a bango, kuma kan wa ya taɓu. Kada ka ce min matata ranar, kada ka tafa hannu. Sunana Kyauta, hankalina ɗaya, kuma ina jiran amsarka, Ubale.